Karin Kumallo a Cikin Ambulan

Sakatariya na farke ambulan ɗin da wani mai neman aiki ya miƙa mata, sai ga garin ots, hatsin kunun Turawa, yana zuba a kan teburinta, da madarar gari, da sukari, har da zabibi uku suna mirginawa kamar sun san hanya.

Mutumin dogo ne siriri, kwat ɗinsa ta sha guga har tana ƙyalli. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya buɗe jaka, ga ambulan biyar a jere, farare, iri ɗaya sak da wanda ya sa takardarsa ta neman aiki. Daga gani gwauro ne mai tsari, irin wanda ke zama ranar Lahadi yana auna abin karyawar mako guda, cokali huɗu babu ƙari, ya lashi bakin ambulan ya liƙe. Da safe ruwan zafi kawai yake nema, ko na maƙwabta ne.

Ga shi nan yana tattara garin da gefen tafinsa, a tsanake.

"Malam, ina takardar? Yau fa ake rufe karɓa," in ji sakatariya, tana kakkaɓe jiki.

Ya dafa ciki. "Ashe ita na zuba wa ruwan zafi da safe. Ni ma na ce yau abin da tauri."

Waɗanda ke layi a bayansa suka kwashe da dariya. Ta riƙe baki. "Ka cinye takardar neman aiki?"

"Ranki ya daɗe, shekara uku ina kawo muku ita, ba wanda ya taɓa karantawa. Gara ni, za ta riƙe ni har azahar."