Jinin Maigidana a Firij

Ƙarshen damina ne, shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a fadama, kowa a Haɗejiya yana yawo da ɓacin ransa. Ni kuma ban daɗe da fita takaba ba. Ciwon hanta ne ya ɗauke maigidana, cikinsa ya kumbura har ya kasa shiga kwalekwalensa.

Ina shanyar kifi a tsakar gida, yayan marigayi yana zaune ya zo gaishe mu, sai wata ma'aikaciyar asibiti ta yi sallama, 'yar Filato, Hausa cike da bakinta. Ta tuna mini shekarun baya da mutanen asibitinsu suka bi masunta suna ɗibar jini, wai binciken rigakafin ciwon dajin hanta. Ta ce jinin marigayi yana nan a firij, izinina suke nema su sake wani binciken da shi.

Na ce, "'Yar nan, har yau yana nan?"

"Ƙalau, Mama. Ko an ɗauke wuta akwai janareto."

"To madalla. Mai jinin ya sha jinya, ko sannu ba ku aiko ba. Jinin ne aka ba janareto."

Yaya ya ce, "Ko wanzami in ya yi ƙaho binne jinin yake yi. A kawo mana abinmu mu sa a ƙasa."

Ta ce ba a fitar da shi. In mun ƙi, ƙonawa ake yi.

"Ƙonawa! Jikin Musulmi?" Yaya ya kakkaɓe riga ya fice, ya bar ni da maganar kamar ni na ajiye.

Na tambaye ta ko binciken zai tsare mini 'ya'yana maza daga ciwon ubansu. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, wataƙila dai jikoki. Kai, wannan aiki! Ba za su ba ni ba, ba za su binne ba, ba su da tabbas, amma ni ce zan ce i ko a'a. Na ce ta je, zan neme ta.

Washegari da safe na shiga kasuwa na sayi farin ƙyalle sabo, na kai mata asibiti.

"Ku yi bincikenku. Abin da ya ragu a naɗe a wannan a binne, ban yarda da wuta ba."

Ta ce wannan sai manyanta. Na ce ta je ta faɗa musu. Na gyara mayafina, na zauna a benci ina jiran amsarsu.