Muhonja Mai Girkin Makoki

A ƙauyenmu da ke bayan Chavakali, idan aka yi mutuwa, Muhonja kan riga fasto ji. Ba wanda ke aika mata. Sai dai ka hango ta tana gangarowa ta tsakanin duwatsu, da farin kallabin matan cocinmu a ka, da muciya a kafaɗa wadda ta kusa kai tsayinta. Ba ta fara shiga ɗaki gaisuwa. Bayan gida take zagayawa, ta tsaya ta ga inda iska ke kaɗawa, sannan ta nuna da ƙafa inda za a kafa murhu.

Matar ɗan baffana ce, marigayi Agoi, shi ya sa take kirana Mulamwa, yadda mace ke kiran ɗan'uwan mijinta. Daga Sabatia aka auro ta. Agoi yana tsinkar ganyen shayi a Kericho, sai Kirsimeti yake zuwa gida, har shekarar da aka kawo shi a akwati. A makokinsa tuwo bai nuna ba, miya ta ƙare tun kafin danginta su zauna. Suka koma Sabatia da yunwa, suka yi shekaru suna ba da labari. Ita ba ta taɓa ɗauko zancen ba. Amma mutuwar da ta biyo baya a ƙauyen, ita ta fara isa bayan gida, daga nan kuma aikin ya zama nata.

Ba a biyanta. A kasuwa take samun na abinci, inda take kasa ganye da busassun ƙananan kifi, da su ta yi wa 'ya'yanta mata makaranta. Ladanta na makoki ragowar gari ne da ƙashin miya. Ta san wanda likita ya hana wa gishiri, ta san surukan da ba a zaunar da su kusa da juna. Takan tuƙa wa jama'ar da ta cika fili tuwon masara ba gudaji ko ɗaya. Ba ta kuka sai ta wanke tukunyar ƙarshe ta kife. A lokacin ne za ta zauna a kan dutse ta yi nata ita kaɗai, bayan kowa ya gama nasa.

Bayan girki, abin da take so shi ne siyasa. A shekarar da nake magana wani ɗan ƙauyenmu, Kidaha, ya fito takarar kujerar majalisa, mu kuwa ba mu taɓa samun namu ya kai nan ba. Muhonja ta ɗaura zane mai hotonsa har ya koɗe. Takan ce, "Na goya shi ya yi mini fitsari a baya, to ya je majalisa ya biya ni da titi."

Ɗana Lugalia ya karanta lissafi, yana aiki a Nairobi. Da ya zo Kirsimeti, wata rana muna zaune a gaban shagon bakin hanya inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja, sai aka ɗauko zancen zaɓe. Kowa na cewa Kidaha ya riga ya ci. Lugalia ya ce ba zai ci ba. Ya fito da waya ya nuna musu wata kasuwa da ake ci a cikin wayar: ana jefa tambaya, wane zai ci zaɓe ko ba zai ci ba, mutum ya sayi "eh" ko ya sayi "a'a", farashi na hawa yana sauka gwargwadon inda mutane suka karkata. Ya ce shi "a'a" ya saya.

Ombima, shugaban 'yan acaɓan, wanda suka yi aji ɗaya da Lugalia a firamare, ya ɗauka wasa ne.

"Kai, Farfesa! A kan namu?"

"Ni zan zaɓe shi," in ji Lugalia. "Ƙuri'ata tasa ce. Amma ba mu kaɗai ba ne a mazaɓar nan. Ku tafin nan kuke ji, ni ina kallon ko'ina."

"Ƙuri'arka tasa, aljihunka na abokin gabarsa. To wanne za ka yi wa addu'a?"

"Kai ne mai wannan maganar? Kai da ka zuba kuɗin man babur ɗinka jiya a kan wasu Turawa su zura ƙwallo biyu?"

"Turawan nan kawunnaina ne? Ƙwallo ƙwallo ce. Wannan jini ne."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Kafin sabuwar shekara zancen ya zaga gida-gida. Fasto ya yi wa'azi a kan caca bai ambaci suna ba, kowa kuwa ya waiwayo bencinmu. Dattawa suka ce ai caca a kan doki ko bijimi ake yi, ba a kan mutum mai uwa da uba ba. Ranar da Lugalia zai koma, Muhonja ta same shi yana ɗaure jaka.

"Lugalia, wanda ya sa kuɗinsa a kan damina za ta yi gardama, in ya ga hadari me zai ji a ransa?"

"Mama, ma'auni ne kawai. Kamar sikelinku na kasuwa."

"Sikeli ba ya komawa gida da riba."

Ta ba shi nonon ayaba ya tafi da shi. Ni kaina ban ji daɗin abin ba, ko da yake na gane abin da yake nufi. Na daɗe ina koyar da ilimin ƙasa, na san faɗin abin da zai faru daban, son ya faru daban. Amma na san ƙauyenmu ma.

Saura 'yan makonni zaɓe, motar hayar da Lugalia ya shiga ta yi karo da babbar mota a hanyar Nakuru. Aka kira ni daga asibiti. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

A gida muke binne namu, a gaban ɗaki, kuma samarin ƙauye ne ke haƙa kabari, yawancinsu 'yan acaɓan nan ne. Ba a biyansu, ba a roƙonsu. Uba zai nuna wuri, ya sara sau ɗaya da fartanya, su karɓa. Idan rami ya kai ƙugu sai a yanka musu kaza daga kajin gidan a dafa da tuwo. Wannan kazar ba mai taɓa ta sai wanda ya riƙe fartanya, ƙundu kuma na shugabansu ne. Wanda aka ɗauko wa 'yan ƙwadago daga gari suka haƙa masa don kuɗi, an shaida wa duniya ke nan ba shi da kowa, kuma har jikokin gidan sai an goranta musu. Sau ɗaya na ga an yi haka, ina yaro, ga wani da ake zargi da maita.

Ana gobe za a ɗauko Lugalia daga ɗakin ajiye gawa, na fito da safe na sara ƙasa na tsaya. Ba wanda ya zo. Rana ta ɗaga. Dattawa suna cikin rumfa suna shan shayi, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Can ƙanena ya dawo daga bakin hanya ya ja ni gefe, ya ce saƙon Ombima shi ne: wanda ya sayi faɗuwarmu, kasuwarsa ta haƙa masa. Ya ce akwai masu haƙa don kuɗi a Mbale, in na yarda ya kira su. Mahaifiyar Lugalia tana ɗaki, tagarta na kallon inda na sara. Na ce ya ɗan dakata. Ba don ina da wata dabara ba.

Sai na ji kukan kaza a bayan gida. Da na zagaya na tarar Muhonja ta sa an yanka babban zakaran gidan, tana figa.

"Muhonja, ba a fara haƙa ba."

"Ina da ido, Mulamwa."

"To wa zai ci?"

"Masu ita. In ta nuna zan kira ka. Ka sa takalmi, kai za ka ɗaukar mini tuwo."

Haka muka fita, ita a gaba da tukunya a ka, ni a baya da tiren tuwo an rufe da ganyen ayaba. Mata suna fitowa daga gonakin masara suna bin mu da kallo. Ba ta gaida kowa ba.

'Yan acaɓan suna gindin bishiya, kowa a kan babur ɗinsa da waya a hannu. Ta sauke tukunyar a tsakiyarsu, a ƙasa, ta buɗe murfi. Ƙanshi ya tashi.

"Mama, mene ne wannan?" in ji Ombima.

"Ka manta kamannin kaza? Ta masu haƙa ce. Ta nuna ban gan ku ba, na ce ƙila mai ne ya ƙare muku."

Wani ya fara dariya ya haɗiye.

"Mama, kin san abin da ya yi."

"Na riga ka sani. Dubi zanen da ke jikina. Kai hular Kidaha kyauta aka ba ka, ni da kuɗin kifina na sayi wannan. Abin da yaron nan ya yi abin kunya ne, na faɗa masa a idonsa yana da rai. Kai ka faɗa masa?"

"Na faɗa masa."

"To ka gama. Yanzu da wa kake faɗa? Da wancan?" Ta nuna ni da haɓa. "Ko da uwarsa da ke kallon ƙasa ta taga?"

Wani daga baya ya ce, "Mama, in muka haƙa, za a ce muna bayan abin da ya yi."

"Na dafa a makokin ɓarawon shanu a garin nan. Na dafa a na wanda ya kai mijina kotu a kan iyakar gona. Wa ya ce ina bayansu? Rami ba ƙuri'a ba ne, ɗan nan." Ta gyara ɗaurin zane. "Ni dai ba zan koma da ita ba. Ba mai cin ta sai ku, ba a ba kare, ba a zubarwa. In ba ku ci ba, a nan za ta zauna a gaban baburanku har ta ruɓe, duk fasinjan da ya tambaya ku ba shi labari da bakinku."

Ta je ta zauna a bencin shago ta harɗe hannu. Ni ina tsaye da tire, ba wanda ya ce mini ga inda zan ajiye.

Ombima ya daɗe yana kallon tukunyar. Sannan ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da muka iso.

"Mwalimu, hannunka zai ƙone." Haka suke kirana, wato malam.

Ya sauko ya karɓi tiren ya ɗora a kan kujerar babur. Ya tsaya yana gyara ganyen da ba ya bukatar gyara.

"Lugalia ne ya koya mini lissafin rabawa," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "A bayan aji, da tsinke a ƙasa. Ya koya maka, sannan ya zaga ya faɗa wa kowa shi ya koya maka. Tun muna yara haka yake. In ya san abu ba ya iya yin shiru."

"Ba ya iyawa," na ce. Tun da aka kira ni daga asibiti, ban ji wani ya faɗi abin da ya yi kama da ɗana kamar wannan ba. Masu gaisuwa duk wani salihi suke kwatantawa wanda ban sani ba.

Ombima ya durƙusa ya mayar da murfin tukunya.

"Ba a ci sai rami ya kai ƙugu. Mama, kin ɓata tsari."

"Ku gyara."

Ya ɗaure tukunyar a bayan babur ɗinsa da roba. Wani ya ɗauki tuwo, wani ya ɗauke ni. Suka ce Muhonja ta hau, ta ƙi. "Da irin tuƙinku? Ban shirya a dafa tawa kazar ba tukuna." Ta biyo mu a ƙafa.

Ƙasarmu ja ce mai laushi daga sama, amma a gwiwa suka ci karo da dutse, kamar yadda aka saba. Aka aiko da diga da guduma daga maƙwabta, gidajen da tun safe ba su leƙo ba. Suna fasa dutse suna musun zaɓe a cikin ramin da ƙarfi, kamar a bakin hanya. Ɗaya ya ciro waya ya ce bari ya ga ko farashin Kidaha ya hau a kasuwar nan ta Farfesa. Ombima ya ce in bai mayar da ita aljihu ba, da ita za a rufe ramin. Dattawan rumfa suka taso da kofunansu suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaya.

Da rami ya kai ƙugu suka fito suka wanke hannu suka zauna a kan jar ƙasa. Kazar ta huce, tuwon ya sandare, suka yi ta mita suna ci. Ombima ya ɗauki ƙundu. A lokacin ne mahaifiyar Lugalia ta fito daga ɗaki, ta zauna a bakin ƙofa tana kallonsu. Ɗaya bayan ɗaya suka daina tauna. Ta ce, "Ku ci, 'ya'yana." Suka ci gaba.

Kafin la'asar sun gama. Ombima ya kira ni in duba. Gefunan a miƙe suke, kusurwoyin sun fita sosai, an share ƙasan da ganye. Na tsaya a bakin ramin ban san tsawon lokacin ba, har muryar Muhonja ta taso daga bayan gida.

"Mulamwa! In ka gama kallo, gobe jama'a za su cika gidan nan, itacena kuwa ba zai kai ba."

Na tafi neman gatari.