Ofelia Mai Sauraron Fanka

Idan ka tambayi Ofelia Trevino aikin da take yi a kamfani, ba ta ja maka zance. Cewa take, "Zama nake yi in saurari fanka." Sai mutane su yi dariya, su ɗauka ba'a ce. To ba ba'a ba ce. Shekara ashirin da shida ke nan ana biyanta albashi a wani kamfanin kwamfuta a birnin Austin saboda kunnuwanta, kuma ni dai ban ga wanda ya fi ta cin halalinsa a wannan ginin ba.

Kunnen gadonsa ta yi. Ubanta bakanike ne a garin Seguin, irin wanda ba ya buɗe gaban mota sai ya sa mai ita ya tada inji, shi kuma ya koma gefe ya rufe ido. Tun tana 'yar shekara tara yake zaunar da ita a kan tsohuwar taya ya ce, "To 'yata, me ke damun wannan?" Ta ce bel ne ya saki. Ya ce, "Sake saurara." Ta ce famfon ruwa ne. Sai ya yi murmushi ya aika a sayo mata ƙanƙara mai zaƙi.

Da ta gama sakandare ta sami aikin ɗaura sukurori a layin haɗa kwamfutoci. Bayan ta yi shekaru a nan, wata rana a tsakiyar hayaniyar masana'anta, ta ɗaga hannu ta tsayar da layi gaba ɗaya, ta ce kwamfuta ta ukun can fankarta na gogar wani abu. Shugaban layin ya kusa cinye ta ɗanya. Aka kwance kwamfutar don a kunyata ta, sai ga 'yar waya kwance a kan fiffiken fanka. Wata bai zagayo ba aka mayar da ita ɗakin shiru.

Ɗakin shiru ɗaki ne da aka liƙe bangonsa da rufinsa da soso mai tsini, ƙofarsa ta fi katifa biyu kauri. In aka rufe ka a ciki, za ka ji bugun zuciyarka da duk gulmar da cikinka ke yi. Baƙi ba sa kai minti biyar. Akwai makirfo goma sha biyu masu ɗan karen tsada, da na'urar da ke zana ƙara a allo. Sai dai na'ura lamba kawai ta iya bayarwa, ba ta san ƙarar da ke ci wa mutum rai ba. Wannan sai Ofelia. An taɓa yin wata kwamfuta da makirfo goma sha biyun nan suka wanke tas, ita ta ce a'a. Aka yi kunnen uwar shegu da ita aka fitar, bayan wata uku fankoki suka fara ihu a gidajen mutane. Tun daga nan babu kwamfutar cinya da ke barin kamfanin sai da sa hannunta, kuma kowa ya daina kiranta Ofelia. Kunne ake ce mata, har manajoji.

Tana ji da sunan nan fiye da yadda take nunawa. Ba ta zuwa wurin kiɗa, a garin da ko wurin sayar da taya sai ka tarar da mai garaya. Bikin zagayowar ranar haihuwar jikokinta da auduga a kunne take zuwa. Mijinta Ruben kuwa ya san ba a tada injin yankan ciyawa sai motarta ta sha kwana.

Gininsu gida biyu ne, kuma duk rigimar a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta ce, ɗan guntun nan da bai fi farcen babban yatsa ba. 'Yan bene na sama suna ƙera manya, masu gudun tsiya, masu shan wuta kamar babu gobe, waɗanda in babu fanka sai su dafa kansu. Ana ce musu 'yan murhu, babbansu Dwight Pruitt, ƙaton mutum mai dariyar da ake ji daga wurin ajiye motoci. 'Yan ƙasa kuwa ƙanana suke yi, masu cin wuta kaɗan-kaɗan don batir ya wuni. Su ne 'yan tsumulmula, shugabarsu Meera Kulkarni, wadda ko fitilar banɗaki ta gani a kunne sai ta kashe.

Duk Juma'a da safe ana kawo tako, wata waina mai faɗi da ake naɗe ƙwai da dankali a ciki, a nan ake haɗuwa.

"Meera, barka," in ji Dwight. "Na ji an ce sabuwar taku tana buɗe wasiƙa cikin kwana biyu kacal."

"Taku ma ta yi suna," in ji Meera. "Wani a Dallas ya soya ƙwai a kanta. Ya ce ya ɗan ƙone."

"Kunne, raba mu," in ji Dwight.

Ofelia ta zuba yaji a nata ta ce, "Ku dai ci gaba. Ƙarshenta duk ƙofata za ku zo ku yi layi."

Maganar gaskiya, murhun Dwight ne ke ciyar da ita, don inda babu zafi babu fanka. Amma zuciyarta tana ƙasa wurin Meera. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana farautar ƙara, ba abin da yake mafarki sai ranar da zai rasa ta.

Ranar ta zo a cikin watan Yuli. Meera ta zo da wata 'yar siririyar kwamfuta rungume a ƙirji, mutanenta na biye da ita. Sun yi ƙwaƙwalwar da ba ta zafi har ta nemi fanka. Babu fanka sam, babu abin da ke motsi a ciki. Sa hannun Ofelia cika ƙa'ida ne kawai, har an sayo kek.

Ofelia ta karɓi kwamfutar an kunna ta, ta shiga ɗakin shiru, ta ja ƙofa. Bayan minti huɗu ta fito fuska a ɗaure.

"Tana kuka."

"Me ke kuka?" in ji Meera. "Haba Kunne, ko ƙura ba ta motsi a cikin abin nan."

"Ban ce na san mai yi ba. Na ce tana kuka. Siriri ne, kamar sauro a ɗaki na gaba. Ta hagu."

Aka duba allo, layi a miƙe sambal. Amma wa zai yi musu da Kunne a kan allo? An gwada an sha kunya. Kuma abin ba ya rasa tushe, don ƙananan sassan da ke raba wuta sukan yi irin wannan tsuwwa idan ƙwaƙwalwa na yawan barci da farkawa. Aka mayar da kek cikin firji.

Kwana tara 'yan tsumulmula suna fama. Su canja wannan sashe su kawo, Ofelia ta shiga ta fito ta girgiza kai. Su gyara yadda ƙwaƙwalwar ke barci su kawo, ta girgiza kai. Masana'antar da za ta buga kwamfutocin a ƙetare tana ta waya. Dwight kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Ya sayo robar tsotson jarirai ya ajiye a teburin Meera da 'yar takarda, wai a ba jaririyar ko za ta yi shiru.

Rana ta goma da safe Ofelia ta lura wani soso ya ɓalle daga bangon ɗakin. Ta ɗauki gam ta shiga kafin a kawo kwamfutar, hannunta ya ja ƙofa da kansa saboda sabo. Ta liƙe soson, ta tsaya tana danna shi. Sai ga kukan nan, siriri, ta hagu.

Ta juya ta dubi teburin. Babu komai a kansa. Ta sa yatsa ta toshe kunnen hagu, kukan ya ƙara fitowa fili.

Ba wani abin mamaki ba ne in ka zauna ka yi tunani. Shekara da shekaru ba ta shiga ɗakin nan sai da fanka na juyawa a gabanta, kuma ko fankar da ta fi kowace ladabi ta isa ta rufe kuka irin wannan. Awon ɗaki babu kowa kuwa aikin makirfo ne, mutum ba ya zama a ciki. Sai da aka kawo mata abin da ba ya ƙara ko kaɗan sannan ta ji kanta. Ta zauna a kujera, gam a hannu. Tsoro ne ya fara kama ta, kunya daga baya ta zo. Shekararta hamsin da bakwai, kuma ba ta san wacece Ofelia ba in aka cire Kunne.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ƙarya nake in na ce ba ta hango ta ba. A ranar ne Meera za ta kawo sabon gyara, sun bi sassan nan ɗaya bayan ɗaya sun ɗiga musu wani irin danƙo don kada su yi rawa. Abin da za ta yi kawai ta shiga, ta fito, ta ce ya daina. A yi tafi, a ciro kek, a ƙara wani labari a kan labaran Kunne. Babu makirfon da zai tona ta.

Ƙarfe goma su Meera suka iso, har da Dwight, wai ya zo ta'aziyya. Ofelia ta karɓi kwamfutar ta shiga. Ta yi minti biyar tana sauraron kunnenta, ta fito da "ya daina" a kan harshe.

Meera ba ta ko bari ta buɗe baki ba. Idanunta sun faɗa, gashinta a hargitse. "In wannan ya yi," in ji ta, "yau ɗin nan zan sa a ƙara danƙon a layin haɗawa, kowace kwamfuta a ɗiga mata. Zan rubuta cewa kuskuren daga ɓangarena ne, ni ban kula da sassan wutar ba. Faɗi, Kunne."

Ofelia ta ajiye kwamfutar a hankali.

"Kada ki rubuta komai. Lafiyarta lau. Tun ranar farko lafiyarta lau." Ta taɓa kunnen hagu. "Nan ne ke kukan. Ɗazu na shiga ɗakin babu komai a ciki, na ji shi."

Dwight ya buɗe baki ya rufe, karo na farko a tarihin ginin.

"Kwana tara, Ofelia," in ji Meera. Sunan ma da ta kira ya isa.

"Kwana tara. Ki ɗora su a kaina, ni zan je wurin manajoji in faɗa da bakina." Ta miƙa mata kwamfutar da takardar sa hannu. "Amma ba a fitar da kaya sai kunnen mutum ya ji. Nawa ya tashi daga aiki. Shiga."

"Ni? Ban taɓa wuce minti biyu a ɗakin nan ba."

"Yau za ki yi biyar. Zauna daidai, kada ki haɗiyi yawu, in cikinki ya yi magana ki ƙyale shi."

Meera ta shiga, Ofelia ta rufe mata ƙofa ta tsaya tana kallon agogo. Da lokaci ya cika ta buɗe. Meera ta fito tana dafa bango, fushin ya ragu, jiri ya maye gurbinsa.

"Me kika ji?"

"Ba komai."

"Ba komai, ba komai? Ko ɗan huci? Ki tuna da kyau."

"Shiru kawai, Ofelia. Har sai da na duba ko a kunne take."

Ofelia ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. Murna take yi, wannan babu shakka, kuma idonta ya ciko.

"Kin yi aiki, Meera," in ji ta. "Shekara ashirin da shida ina zaune ina jiran shirun nan. Ga shi ya zo bai same ni a gida ba."

Ta zaro biro daga aljihun rigarta ta miƙa wa Meera, ta nuna mata layin da ake sa hannu.