Dalma Ba Ta Kwana a Gidanmu Ba

Ranar da ba ta fita daga raina a wannan aiki ita ce ranar da mai babur ya kawo mini kwali ƙofar gida a unguwar Taman Melati, a shekara ta biyu ta korona, lokacin da aka sake kulle gari. Ku da kuka shigo aiki bayan an buɗe gari, kun tarar da doka a bangon ɗakin zubi cewa dalma ba ta fita daga nan sai a rufe cikin kwalin mai saye, kuma wasunku sun tambaye ni dalili. To ga yadda aka yi.

Bari in fara da aikin kansa, saboda wanda zai karanta wannan bai san mu ba. Ƙaramin kamfani ne a unguwar Sri Petaling, nan ƙasar Maleyawa, muna haɗa kayan fatsa muna turawa ƙasashen sanyi. Babban abin da muke yi shi ne jig, wato ƙugiya mai ɗan dunƙulen ƙarfe a kanta, a yi mata fenti da ido kamar ƙwaro. A can idan sanyi ya kankama tafki yakan daskare, mutum ya taka ya huda rami, ya zura zare ya zauna jiran kifi. Ni Lawali, ɗan Zamfara, ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta firji ba, amma ni ne mai duba inganci. Ba a rufe kwali sai na duba na sa hannu. Sama da ni akwai mai kamfanin, Madam Yap. Shugabar masu fenti kuwa Kak Ros ce, dattijuwar Bamaleya. Kak na nufin yaya, kuma haka kowa ke kiran ta har Madam ɗin.

Kan jig iri biyu ne. Na dalma mu muke zuba shi da kanmu, yana da arha, amma idan ya fito daga mazubi sai an bi gefensa da magagari an goge rarar kafin fenti ya zauna. Na tungsten kuwa, wani ƙarfe mai tauri, sayo shi muke yi a shirye, sai dai fenti kawai. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ɗan ƙaraminsa ya fi na dalma mai girmansa nauyi.

A wannan shekarar oda ɗaya ce ta riƙe mu, ta wata tsohuwa mai shagon kayan fatsa a bakin wani tafki a Kanada, Madam Joyce. Ta nemi na dalma. Mun zuba kawunan kenan aka rufe masana'antu irin namu. Ga jirgin ruwa ya yi wuya, idan muka rasa gurbin da muka samu a kwantena, kayan ba za su isa ba sai ƙanƙara ta narke. Sai Madam Yap ta yanke shawarar a raba aikin gida-gida, kowa ya goge ya yi fenti a ɗakinsa. Kwalina ne aka fara aikowa, don in gwada in tsara yadda sauran za su yi.

Na shimfiɗa jarida a falo na buɗe. Matata Rabi tana tsaye da 'yarmu Ummi a kafaɗa, lokacin ta fara rarrafe, komai ta samu sai baki. Rabi ta sunkuya ta ɗauki kai ɗaya, ta murza a yatsa, ta dubi baƙin da ya bar mata.

"Baban Ummi, wannan ba dalma ba ce?"

Na ce ita ce.

"Wannan magagarin kuma fa?"

Na ce da shi za a goge.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni da kai garinmu ɗaya. Ka san abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a ƙauyukanmu lokacin haƙar zinariya. Ɗan Inna Kulu har yau ba ya magana sosai. Don Allah ka rufe kwalin nan. Ba zai kwana a gidan nan ba."

A wurin aiki muna da takunkumi da safar hannu da wurin wanka, dalmar ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Amma da na dubi tayil ɗin da Ummi ke lasa, na ga ba abu ɗaya ba ne. Na rufe kwalin, na kira mai babur ya mayar, sannan na kira Madam Yap.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Lawali, mahaifina ya yi rayuwarsa yana zuba dalma, ya mutu da tsufansa. Kawunan nan suna hannunmu. Tungsten sai an sayo, sai an jira. Idan jirgi ya tafi ya bar mu, babu aikin da za ka duba ingancinsa."

Gaskiya ta faɗa, kuma na gaya mata haka. Na ce amma mahaifinta a rumfa yake yi, ba a ɗakin da jarirai ke barci ba, kuma yawancin masu fentinmu a 'yan ƙananan ɗakuna suke da yara. Na ce ba zan iya sa hannu a wannan tsarin ba. Ta ce ita ba ta da ikon canza oda, sai mai kaya ta yarda. Haka ƙa'idar take.

Kafin la'asar Kak Ros ta ji labari ta kira ni, ranta a ɓace.

"Lawali, kai kana da albashi ko an yi aiki ko ba a yi ba. Mu sai mun yi fenti. Boleh lah, ai zai yiwu, zan yi a kicin in rufe ƙofa."

Na ce, "Kak, kicin ɗin da kike dafa wa jikokinki abinci?"

Ta ce in bar ta da jikokinta, ta kashe waya. Wannan ya dame ni fiye da maganar Madam. Matar nan ita ta koya mini riƙe burushi, kullum sai ta yi mini tapau, wato ƙunshin abinci, in kai gida. Na kwana ina tunanin ko na jawo wa mutane asarar abincinsu saboda tsoron da na taso da shi daga gida.

Washegari da safe, a Kanada kuma da yamma, muka haɗu da Madam Joyce ta bidiyo, mu huɗu har da Kak Ros, kowa daga gidansa. Madam Yap ta tambaye ta ko za ta karɓi tungsten maimakon dalma. Tsohuwar ta gyara tabarau ta ce a'a, ta kuma yi mana karatu.

Ta ce ta san tungsten sarai. Yana nutsewa da sauri, yana ratsa ɓurɓushin ƙanƙarar da ke taruwa a bakin rami, yana miƙar da siririn zare ta yadda ko kifi ya shinshina za ka ji a hannu. A ruwa mai zurfi, tsakiyar sanyi, babu kamarsa. "Amma a farkon ƙanƙara kifi yana ruwa marar zurfi," in ji ta. "Yana son abin da ke sauka a hankali yana lilo, wannan kuwa sai dalma. Ban da haka, bana kowa ya gaji da zaman gida, mutanen da ba su taɓa riƙe fatsa ba sun cika mini shago. Sabon shiga yana zubar da jig kamar gyaɗa. Ba zan sayar masa da mai tsada ya je ya jefar a rami ba."

Ita ta san kifinta da mutanenta. Na zaci magana ta ƙare.

Sai ta ce, "Amma me ya kawo tambayar? Dalmar ta ƙare ne?"

Ina shirin magana Madam Yap ta riga ni. Wannan ne abin da nake girmama ta da shi har gobe, domin tana iya cewa komai. Ta ce dalma tana nan, amma an rufe masana'anta, a gidajen ma'aikata za a goge, kuma mai duba ingancinta ya ƙi sa hannu saboda yara.

Madam Joyce ta matso kusa da waya. "A gida? Ros, a ina za ki yi naki?"

Kak Ros ta ce a kicin.

Sai tsohuwar ta ce marigayi mijinta ma yana zuba dalma, a wata rumfa bayan gida, kuma ba ta taɓa barin sa ya shigo ba sai ya tuɓe kayan aiki ya wanke hannu har gwiwa. Ta ce rumfar tana nan da fankarta mai zuƙe ƙura, kuma akwai tsofaffin abokansa da zaman banza ya ishe su.

"Ga yadda za a yi," in ji ta. "Manyan na dalma ku turo mini su yadda suke, ba gogewa ba fenti, mu ƙarasa a nan. Ƙananan duk ku mayar tungsten, Ros ta yi musu fenti. Zan san yadda zan yi da masu saye."

Kak Ros ta ce, "Boleh," a taƙaice, wato ta yarda, ba ta ko dube ni ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Kawunan tungsten sun makara a hanya. Da suka iso, sai ga shi wasu ba su fi ƙwayar dawa ba, Kak Ros ta yi ta mitar cewa zan makantar da ita. Gwajina shi ne in saki jig daga tsayin tebur ya faɗi a tayil. Rukunin farko duk fentin ya ɓalle, domin ƙarfen yana da tauri da santsi. Na mayar wa Kak Ros. Bayan 'yan kwanaki ta aiko da wasu, ta sa musu farin share fage a ƙasa, ta lulluɓe samansu da wani ruwa mai ƙyalli. Na saki, na sake saki, ko ƙwarzane babu. A cikin kwalin har da ƙunshin wainar kwakwa da ta sa wa Rabi. A nan na san mun shirya.

A gida kuwa, Rabi ta ware mini tebur a baranda, ta ce ƙugiya ma ba abin wasa ba ce. Kullum idan na tashi sai na bi ƙasa da maganaɗisu saboda ƙugiyar da ta faɗi. Mun cika kwantena ana gab da rufewa.

Da sanyinsu ya shigo, Madam Joyce ta turo mana bidiyo. Fili fari fat har iya ganin ido, ita tana zaune a kan bokiti cikin riga kamar katifa. Ta nuna ɗan jan jig na Kak Ros, ta sake shi a rami, ya ɓace nan take. Can sai kan sandar fatsarta ya ɗan girgiza, ta ɗago kifi yana wutsil-wutsil. Mun kalla ni da Rabi muna karin kumallo, muka yi ta maimaitawa. Kak Ros ta kira ni tana dariya, ta ce, "Lawali, duk wahalar nan a kan wannan ɗan kifin? Ko miya ba zai yi ba lah!"

Da aka buɗe gari, Madam Yap ta sa fankar zuƙe ƙura a ɗakin zubi, ta rubuta dokar nan da hannunta. Har yau muna yin dalma, muna yin tungsten, Madam Joyce ma duka biyun take saye, domin kowanne da ranarsa a ruwa. Idan mai saye ya tambaye ku wanne ya fi, ku tambaye shi zurfin ruwansa, da lokacin da zai fita, da ko sabon shiga ne. Ni dai tun daga lokacin na ƙara tambaya ɗaya da babu ita a takardar oda: a ina za a yi aikin, kuma wa ke zaune a wurin?

Abin da na gane game da mutanen wannan sana'a shi ne, yawancinsu ba mugaye ba ne, kowa gefen da yake tsaye kawai yake gani. Madam tana ganin jirgi, Kak Ros tana ganin tukunyarta, tsohuwar tana ganin kifi. Ni kaina sai da Rabi ta murza abin a yatsa sannan na gani. Saboda haka idan kuka hango abin da na sama da ku bai hango ba, ku faɗa masa da ladabi, ku faɗa tun kaya ba su bar ƙofa ba. Zai yiwu a yi fushi da ku na mako guda. An yi da ni, kuma ga ni nan a kan kujerata.