Ranar da Na Hau Bayan Mijin Wata

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Jos waɗanda yanzu sai an tuna min nake tunawa, amma wannan kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zai fita daga kaina. A shekarar da aka kawo dokar hular kwano ne, lokacin ina da 'ya ɗaya tak, ba ta ma cika shekara uku ba.

Bari in fara da babur, don shi ya ja min. Sa'ad da muke yara a Bukuru, babur ba na kowa ba ne. Kaf layinmu mutum uku ke da shi, kuma ko kana cikin ɗaki za ka faɗi na wanda ya shigo. Na babanmu tsohon ɗan Japan ne, shuɗi, yana tafe yana tari yana hayaƙi. Tun daga kan kwana muke jin sa, mu watsar da wasa, kowa ya ruga ya ɗauki tsintsiya kamar dama aiki yake. Na maƙwabcinmu tela kuwa basfa ce, kukanta siriri kamar na keken ɗinkinsa. Ran Juma'a ake wanke su a lulluɓe da tsohon zane, yaro bai isa ya taɓa ko madubi ba.

Kafin in yi aure duk wannan ya wuce. 'Yan China suka shigo a cikin kwali, a haɗa maka a gabanka, ga araha. Ɗan acaɓa ya saya, malamin makaranta ya saya, mai shago ya saya. Kusan duk jajaye, kukansu ɗaya, har ledar kan kujera ba mai cirewa. Maigidana mahauci ne, a Abattoir muke zaune, shi ma ya sayi nasa ja kamar na kowa.

Da doka ta zo aka ce dole direba da fasinja su sa hula, sai garin ya koma kamar wasan yara. Na ga mai ƙwarya a ka an ɗaure da igiya, na ga mai bokitin fenti, na ga mai hular 'yan gini. Maigida dai ya ce shi ba za a yi masa dariya ba, ya sayo guda biyu masu rufe fuska da baƙin gilashi. Sai kuma magana ta bazu cewa akwai hulunan da aka yi wa asiri, kina sawa hankalinki ya gushe, ki bi mai babur duk inda ya ga dama. Wasu suka ce ɓacewa ma ake yi. Ban san wanda ya ɓace ba, amma kowa ya san wani da ya san wani.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro. Yarinyar nan in ta yi atishawa sai na taɓa goshinta, in ta yi barci da yawa sai na kai kunne hancinta. Don haka na ware hankici fari, na tofe shi da addu'a, ba na sa hula sai na shimfiɗa shi a kaina. Har hular mijina. Ya ce, “Ke, ni na saye ta da kuɗina.” Na ce ai bai san hannun da ta bi ba kafin ta zo nasa.

Ana haka matar da ke mana ɗinki a Bukuru ta tashi aurar da 'yarta. Mutanenta yawa gare su, Musulmi da Kirista, kowa ya yi anko, atamfa kore mai furanni ruwan ɗorawa. Ranar biki yarinyata ta tashi da mura. Surukata ta ce ba za a kai ta cikin taro ba, maigida ya ce in bar masa ita, bayan la'asar zai ɗoro ta a kan tanki su zo su ɗauke ni a bakin ƙofar wurin. Ban taɓa barin ta da kowa ba sai ran nan. Na nuna masa magani, na nuna masa hular sanyi, na dawo daga bakin ƙofa na sake nuna masa maganin.

Bikin nan ban ji daɗinsa ba. Ana kiɗa ana liƙi, ni ina lissafin ko ya tuna ya sa mata safa. Da hadari ya haɗo, iskar nan mai sanyi ta taso, ban tsaya sallama da kowa ba na ɗauki ledar shinkafata na fito. Yayyafi ya riga ya fara, mata masu koren zane sun cika ƙofa, kowa na neman nata. Can gindin bishiya na hango jan babur, mutum da baƙar jaket da hula a rufe, ga ɗan ƙaramin mutum a kan tanki an naɗe shi da suwaita da hular sanyi. Ina isa, ko juyowa bai yi ba ya miƙo min hula ta baya, daidai yadda maigida ke yi. Na kifa, na haye, na riƙe jaket.

“Ta ci abinci?” na tambaya.

Hular ta gyaɗa.

“Ka ba ta maganin?”

Ta sake gyaɗawa. Hankalina ya kwanta, muka hau titi.

Da hankalina ya kwanta kuwa bakina buɗewa yake. Na ba shi labarin bikin tas. Na ce kwalliyar amarya ta yi yawa, na ce naman bai dahu ba, da shi aka ba wa da ba haka ba. Na ce akwai wata mai jiki mai tabarau da ta zauna kusa da ni, ina kallo ta kwashe robar shinkafa har huɗu ta cusa a jaka, ko kunya babu. Duk abin da na faɗa hular nan sai ta gyaɗa.

Yanzu in na tuna, alamu sun yi ta zuwa, ni ce na yi ta kore su. Jaket ɗin maigida ko an wanke ta sai ka ji ƙaurin nama, wannan kuwa turare take yi. Na ce a raina, wato yau da na bar gida har turare aka fesa. Na leƙa ƙasa na ga takalmi sau-ciki yana ƙyalli maimakon na robarsa, na ce ƙila na ƙaninsa ya ara don kada ya ba ni kunya a gaban mutane. Har daɗi na ji.

Sai da muka zo kwanar da ake shiga unguwarmu, na ga mun wuce ta fuu. Na taɓa bayansa na ce, “Ka wuce kwana.” Hular ta gyaɗa, muka ci gaba.

Na ce ƙila wata hanyar zai bi. Na zura hannu ta gefensa don in ji ko kunnen yarinya ya yi sanyi. Na laluba, ba ɗan kunne. Na cusa yatsu cikin hular sanyi inda na yi mata kitso jiya-jiya, na ji kai sumul kamar ƙwai.

“Wa ya ce ka yi mata aski?” na faɗa da ƙarfi. “Yini ɗaya na bar maka ita.”

Sai ɗan ƙaramin mutumin ya waigo ta ƙarƙashin hannun babansa. Namiji ne, da biskit a baki. Ya kalle ni ya ce, “Dadi, wannan ba Momi ba.”

Na cusa yatsa ƙarƙashin hular da ke kaina. Ba hankici. Yana cikin jaka, saurin ganin yarinya ya sa na manta. Na ce shi ke nan, abin da ake faɗa ya same ni, hula ta kama ni. Wallahi a lokacin ban yi tunanin kuskure na yi ba, na ɗauka an juyar min da miji da 'ya ne gaba ɗaya. Na ɗaga ledar shinkafa na shiga maka masa a baya ina salati. Babur ya yi tangal-tangal, Allah ya kiyaye ya taka burki a gaban rumfar wata mai gasa masara. Na diro har salansa ta lashe min ƙafa, tabon yana nan har yau.

Ya ɗaga gilashi. Wani mutum ne mai gashin baki, ban taɓa ganin sa ba.

“Yesu,” ya ce. “Madam, daga ina ka fito?”

“Ina ka kai min 'yata?”

“Ni ma ina ka kai matana?”

Mutane suka fara taruwa. A nan wasa ya ƙare, don lokacin garin bai daɗe da fita daga tashin hankali ba, kowa a ɗar-ɗar yake. Wani ya ce, “Hajiya, me ya yi miki?” Kalmar ɓarawon yara ta zo har kan harshena. Sai na ga yadda mutumin ya rungume ɗansa, yana kallon taron. Na gane tsoronsa ya fi nawa. Na haɗiye maganar. Har yau ina gode wa Allah da ban furta ta ba.

Shi kuwa sai ya tsura wa zanena ido. Ya ce, “Tsaya. Wannan zane ni na saya wa matana. Daga bikin Bukuru ka fito?”

Na ce eh.

“Oga naka yana da jan mashin?”

Na ce eh, da baƙar jaket, da yarinya a kan tanki.

Mai masara ta saki mafici ta dafe ciki. Ni ban ga abin dariya ba, don har lokacin ban san inda 'yata take ba. Lambar maigida kuma ban haddace ba, ba ni da waya, lamba kuma in ta wuce huɗu rikice min take. Mutumin ya ce shi ɗan Anguwan Rukuba ne, matarsa na da waya. Ya kira, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ina tsaye da hula a ka, na kasa ɓalle igiyar, gilashi ya yi tururi saboda kuka. A na ukun aka ɗauka, ya buɗe murya kowa na ji.

“Mene ne kuma?” in ji wata mace, iska na kaɗawa. “Ina bayanka kana kira na? Ka kalli hanya, kana ɗauke da yaro.”

“Momi,” ya ce a hankali, “ka duba wanda kake bayansa.”

Sai muka ji ƙara, muka ji burki. Na fizge wayar na ce, “Ina yarinyar?” Can na ji muryar maigida yana cewa, “Wace ce?”

“Matarka ce.”

“To wannan fa?”

Kafin in ba shi amsa na jiyo tarin 'yata, tarin nan nata na mura. Ban taɓa jin daɗin tari ba sai ran nan. Na zauna a kan bencin mai masara, ita ta cire min hular.

Ba a jima ba suka iso, don ashe suna bayanmu kaɗan. Yarinyata na kan tanki, an sa mata safa biyu, an yi mata rigar ruwa da babbar leda, kitsonta na nan, tana gwaguyar cinyar kaza. Ko kuka ba ta yi ba. Na ɗauke ta na duba ta daga kai har ƙafa, ban sami abin da zan yi faɗa a kai ba, abin har ya ɗan ba ni haushi.

Sai matar ta sauko ta cire hula. Mai jiki ce, da tabarau, da jaka a cike. Na sunkuyar da kai, ina addu'ar mijinta ya rufa min asiri. Ashe ba shi ne abin tsoro ba. Yaron ne ya ce, “Momi, wannan ya ce ka kwashe shinkafa huɗu.”

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ce, “Biyar ne, 'yar'uwa, ba ki ƙirga da kyau ba. Ɗayan ne 'yarki take ci, na miƙa mata ta gefe a hanya na ɗauka ɗana ne.” Ta buɗe jaka ta miƙo min guda, tunda tawa ta ƙare a bayan mijinta.

Na juya kan maigida na ce, yanzu duk tafiyar nan bai gane ba ni ba ce? Ya ce ya dai ji babur ya yi nauyi, ya ɗauka shinkafar biki ce. Matar ta ce ai tun daga Bukuru take ba shi labarin rikicin ƙungiyar matan cocinsu, yana ta gyaɗa kai. Na ce, “Coci fa ta ce, kai ba ka ji ba?” Ya ce hula ce ta toshe masa kunne. Mijinta ya ce, “Oga, faɗi gaskiya. Ni tun kafin hula ba na ji. Yana magana, ina gyaɗa kai, haka muke zaman lafiya.” Mazan nan biyu suka tafa kamar sun daɗe da sanin juna.

Yanzu acaɓa ma ta bar cikin gari, keke mai ƙafa uku ya karɓe hanya, hulunan nan ɗaya ta fashe, ɗaya kaza ta yi ƙwai a ciki. Yarinyar ta girma, ita ke tsokana ta da labarin. Abin da na koya shi ne, na ɓata ƙarfina ina tsare kaina daga abin da aka ce an ce, na tofe hankici, na zargi hula, amma abu mai sauƙi na ɗaga gilashi in kalli fuskar wanda zan hau bayansa ban yi ba. Tun daga ranar, kafin in ji tsoron abin da ban gani ba, sai na fara duba wanda ke gabana. Maigida kuma in ina magana ya gyaɗa kai, sai in ce ya maimaita min abin da na faɗa.