Ƙarar da Na Kai Taubashina

Ina ofis a sakatariyar ƙaramar hukuma a Gaya, bayan sallar azahar, ina jera fayil-fayil a kabad, sai wayata ta yi ƙara. Mijin gwaggona ne daga Gafasa. Ba ya kirana sai da dalili. Ya yi sallama na amsa, ya ce, "Sai haƙuri. Taubashinka ya rasu."

Na ce, "Wanne?" Alhali ɗa namiji guda ɗaya gare shi.

Ya ce babur ne ya zame da shi a hanyar Ajingi, da buhun gyaɗa biyu a baya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Za a yi jana'iza bayan la'asar.

Na yi innalillahi, na zauna a kan benci. Ba zan ɓoye abin da ya fara zuwa raina bayan wannan ba. Kwana huɗu kafin ranar aka rufe masa akawun ɗinsa na wasan waya saboda zargin maguɗi, kuma ni ne na kai ƙararsa. Babu wanda ya sani.

Ɗan ƙanwar mahaifina ne, wata uku na ba shi a haihuwa. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawa nake ce masa, shi kuma ya ce mini ranka ya daɗe, da wata irin murya da take mayar da girmamawar ta zama tsokana. Haka muka tashi. Ranar ɗaurin aurena ya miƙe a gaban mutane ya ce a taimaka a duba idon amarya, don bai yarda ta gan ni da kyau ba. Manya suka yi dariya. Taubashi ne, babu mai riƙe maganarsa. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban tuna ranar da muka yi magana madaidaiciya daga farko har ƙarshe ba.

Shi ya sa ni a wasan. Irin na harbi ne, wanda ake zuba mutane da yawa a fili ɗaya daga ko'ina a duniya, huɗu-huɗu, ƙungiyar da ta rage a raye ita ta ci. Mu huɗun su ne ni da shi da wani tela maƙwabcina a Gaya da wani malamin gona da yake aiki a Ajingi. Dukkanmu magidanta ne, kuma ba abin da muke faɗa da ƙarfi ba ne a gaban iyaye. Bayan la'asar muke shiga. Shi yakan zauna a kan saiwar wata bishiya a bayan makarantar firamare, don nan kaɗai sabis yake tsayawa a unguwarsu. Muna jin kukan awaki ta cikin muryarsa.

Shekara biyu shi ne koma-bayanmu. Shi yake fara mutuwa, ya zauna yana ba mu shawarar da ba mu tambaya ba. Sai bayan kakar bara abin ya juya. Muna tafe zai ce, "Ku tsaya, mutum biyu a bayan katangar can." Mu leƙa, mutum biyu ne. Ya harba cikin ciyawa inda ni ban ga komai ba, sai mutum ya faɗi. Wata rana shi kaɗai ya gama da ƙungiya biyu an harbe mu muna kwance muna jiran ya tashe mu.

Tela murna ya yi ta yi, yana cewa Allah ya ba mu sadauki. Malamin gona kuwa ranar kasuwar Ajingi muka haɗu da shi a rumfar mai shayi. Ya ce mini akwai wani abu da ake sawa a waya, ana ce masa hak. Yana nuna maka mutum ko yana bayan bango, wani ma bindigar da kanta take neman kan mutum. Ya ce wasu masu gyaran waya suna sa wa mutane. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya juya shayinsa ya kawo maganar taki.

Daga ranar na daina wasa don wasa. Idan an kashe ka, ana barinka ka kalli abin da ɗan ƙungiyarka yake yi. Sai na riƙa bari a kashe ni da wuri don in zauna in kalle shi. Na ga bakin bindigarsa yana bin bango a hankali, kamar yana raka wani da yake tafiya a ɗaya gefen. Na kuma ga hoton yana tsalle-tsalle saboda sabis ɗin Gafasa, har ba ka iya rantsewa a kan abin da ka gani. Yau in kwana da tabbacin ya sa, gobe in ce na zalunce shi.

Na tambaye shi, a waya, bayan mun fito daga wani zagaye.

"Bawa, tsakaninka da Allah, ka sa hak?"

"Hak kaɗai? Ai har laya na ɗaura wa wayar. Ranar Laraba nake yi mata turare."

"Da gaske nake yi."

"Ni ma da gaske nake, ranka ya daɗe. Kai da babu abin da ka taɓa harbi sai takarda da sitefila, ina za ka gane aikin maza?"

Na lura bai amsa rantsuwar ba. Amma kuma tunda muke bai taɓa rantse mini a kan komai ba, ko a kan abin da yake da gaskiya.

Da na je wani taron suna a Gafasa, na ce ya ara mini wayarsa zan yi kira, tawa babu kati. Ya karɓi lambar a bakina, ya danna da kansa, ya miƙo mini, ya tsaya a gefena har na gama. Sannan ya zaro wani sabon iyafis na sawa a kunne daga aljihu ya kaɗa mini a fuska. Ya ce, "Ga malamin nawa. Da wannan nake jin takun mutum tun daga nesa. Kai kana wasa a shagon tela keken ɗinki yana kuka, me za ka ji?" Wannan ma zai iya zama gaskiya. Tun muna yara kunnensa ya fi na kowa. Yana cikin ɗaki yake faɗin babur ɗin wane ne ya shigo layi, kuma da wuya ya kuskure. Amma na dawo gida ina tuna yadda bai bar wayar a hannuna ni kaɗai ba.

Ina so in ce kishin gaskiya ne ya sa na kai ƙarar. Ba shi ba ne. Wata rana malamin gona bai shigo ba, wasan ya haɗa mu da wani baƙo mai jin Hausa. Aka kashe ni da wuri. Taubashina ya ce wa baƙon, "Ka yi haƙuri da ubangidana, goya shi muke yi, ba mu yaye shi ba." Baƙon ya yi dariya, tela ya yi dariya. Maganar ba ta kai rabin waɗanda ya saba faɗa mini ba. Sai dai ranar ina ganin da kayan aro yake mini gori. Da aka gama na buɗe sunansa, na danna wurin kai ƙara, na zaɓi maguɗi. Washegari na sake. Rana ta uku ma na sake.

Bayan kamar mako biyu ya kira ni da hantsi, lokacin da ba ma waya.

"Ranka ya daɗe, an rufe ni. Shekara goma suka rubuta."

"Kafin nan ai ka yi furfura."

"Shekara uku ina tara kaya a cikin wasan nan." Sai ya ƙara da cewa, "Wani ne ya kai ƙarata. Ko kai ne, ubangidana?"

"Ni ne mana. Wa zai zauna bawa ya fi shi?"

Ya yi dariya. Yanzu idan na tuna sai in ji kamar dariyar gajera ce, amma ban amince da tunanina a kan wannan ba. Ya ce idan ya sayar da gyaɗa a Ajingi zai ƙaraso Gaya, akwai abin da zai nuna mini a wayar. Na ce ya taho da tsaraba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Na samu jana'iza. Ina cikin waɗanda suka kama makara. A wurin zaman makoki, rana ta biyu, tela da malamin gona suka zo, muka zauna a ƙarshen tabarma. Tela ne ya tayar da maganar, a hankali. Ya ce shi ya san wasu 'yan Balan ne, samarin wani ƙauye kusa da Gaya masu yin wasan, suka haɗa baki suka kai ƙara, don marigayi ya sha kunyata su. Malamin gona ya ce kamfanin wasan ba ya rufe mutum a banza, sai na'urarsu ta ga wani abu. Can kuma ya ce amma ya taɓa jin idan ƙara ta yi yawa ana rufewa ko ba a duba ba. Tela ya ce, "Ko ma wane ne, mutumin nan da baƙin cikin abin ya tafi. Allah ya isa." Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Na ji kamar malamin gona ya kalle ni. Wataƙila hanya yake kallo.

Ban san wa ya ji mu ba, amma maganar ta shiga cikin gida. Bayan sadakar bakwai gwaggo ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan, an ce an kama ɗan'uwanka yana cutar mutane a waya. Gaskiya ne?"

"A'a gwaggo, wasa ne kawai. Ba a cin kuɗin kowa."

"Waɗanda yake wasan da su, mutane ne ko ba mutane ba?"

"Mutane ne."

"To. Idan ya cuce su, haƙƙi ne a kansa, a san yadda za a nema masa yafiya ko a yi masa sadaka da niyyarsu. Idan kuma ƙarya aka yi masa, ina so in sani, in san abin da zan ce wa masu faɗa."

Ta ɗaga gefen tabarma ta ɗauko wayar, a naɗe cikin ƙyalle. Gilashin ya tsage a kusurwa ɗaya. Ta ce ta yi magana da mahaifinsa da matarsa, sun yarda a ba ni in duba kafin a zauna rabon gado. Ta ce, "Kai ne ka yi boko, kuma kai ne abokin wasansa. Na san ba za ka ci amanarsa ba."

Na karɓa da hannu biyu.

Wayar tana kunnuwa, amma a kulle take da lamba shida. Matarsa ta ce ba ta taɓa sanin lambar ba. Na gwada shekarar haihuwarsa da lambar babur ɗinsa da ƙarshen lambar wayarsa, har ta fara sa ni jira kafin in sake gwadawa. Na tsorata na bari.

Na kai wa wani mai gyara a kasuwar Gaya. Yana juya ta ya ce, "Wannan wayar ai na san ta."

"Me ka yi mata?"

"Bakin caji na canza."

"Yaushe?"

"An kwana biyu. Bayan kaka."

Na ce, "Malam, kana sa wa mutane hak?"

Ya ajiye wayar a kan tebur ya dube ni. "Wa ya aiko ka, yallaɓai? Ni gyara nake yi." Na gaya masa mai wayar ya rasu. Ya yi masa addu'a, ya ce mutumin kirki ne, mai barkwanci. Na tambaye shi ko zai iya buɗe ta. Ya ce shi abin da zai iya kawai filashin ne, kuma filashin yana share duk abin da yake ciki. A Kano akwai masu buɗewa ba tare da an share ba, amma ba kowace waya ba, sai an je an gani. Ya nuna kamar yana son in bar masa ita. Na mayar da ita cikin ƙyallen na sa a aljihu.

Ban koma wasan ba. Tela ya daina gaisawa da 'yan Balan ɗin nan idan sun kawo ɗinki layinmu, kuma ina gani ban hana ba. Na sha zama in lissafa abin da zai ce zai nuna mini. Ko hak ɗin zai buɗe ya yi mini dariya, ko wayar zai miƙo ya ce in bincika da kaina, ko kuma ya gane amsar da na ba shi ba wasa ba ce. Kowanne ya yi kama da shi.

Motar Kano tana tashi kullum da safe daga tasha, tafiyar ba ta cin yini. Idan aka buɗe aka samu abin, ni zan je in gaya wa gwaggo ɗanta ya yi maguɗi. Idan ba a samu ba, ni ne haƙƙinsa yake kaina, kuma wanda zai yafe mini ba ya nan.

An yi arba'in. An raba gado, aka ware wayar aka ce sai na dawo da ita. Duk zuwan da na yi Gafasa gwaggo takan tambaye ni, in ce mata ana kan dubawa. Har yau ban kai wayar Kano ba, ban kuma gaya mata ni ne na kai ƙarar ba.