Rigar da Na Ce Ban Sani Ba

A lokacin ni matashin tela ne a unguwar Bukoki ta Yamai, mai keken ɗinki ɗaya da baki fal alfahari. Ina cika baki cewa ko cikin riguna dubu zan gane ɗinkina, domin maigidana na Dogon Dutsi ya koya mini rufe bakin aljihu da wani ƙulli mai giciye wanda ban taɓa ganin wani yana yi a Yamai ba. Amma matsoraci ne ni na ƙin ƙarawa. Ko hular ɗan sanda na hango sai in sauya hanya.

Wata safiya 'yan sanda biyu suka zagayo shagunan teloli da wata riga shuɗiya cikin leda. Suka ce a jikin wani mamaci aka same ta a bakin kogi, kashe shi aka yi, fuskar ba ta ganuwa, kuma babu takarda tare da shi. Ina juya aljihun na ga ƙullina. Na san mai ita sarai, wani ɗan dako ne a kasuwar Katako, mutum mai fara'a da ke tsokanata wai allurata ta fi bakina gaskiya. Sai na tuna yadda ake cewa mai shaida kan wuni a kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, wani lokaci ma laifin ya dawo kansa. Na miƙa musu rigar na ce ba aikina ba ne. Bayan kwana biyu matarsa ta zo da goyo tana cigiyarsa, ita ma na ce rabona da shi tun salla. Daga baya gari ya ɗauka wai ya gudu Kwatano da wata mace. Ina ji ana faɗa, na ci gaba da taka kekena.

Shekara goma sha ɗaya ina danne abin, har wata Lahadi da la'asar iyalina ta kunna tele, wani fim na 'yan sandan Turawa da take bi kamar karatu. Ni da nake yi mata dariya, ranar na kasa tashi. Wata 'yar sanda ce ta sauko da wani tsohon kwali na kayan binciken wani kisa da kowa ya manta, ta ciro takalmin mamacin, ta bi masu ɗinkin takalma ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ya juya shi sau ɗaya, ya shafa ɗinkin, ya faɗi sunan mai shi. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mutanen da ba su san Bukoki ba, ba su san an haife ni ba, sun zauna a wata ƙasa sun tsara abin da na ɓoye, suka aiko mini har cikin ɗakina. Ban ga gwanintar fim ba, ikon Allah na gani, na ji ni ɗan ƙanƙani.

Washegari na kai kaina kwamisariya da ƙafafuna. Ba wanda ya tsare ni. Aka yi kwanaki ana bincike, sai ga dosiyen, wato takardun binciken, an fito da shi, da hoton rigar, aljihun a juye. Daga nan na nemi matar mamacin a kasuwar Petit Marché inda take sayar da kayan yaji. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran zagi ko mari, kuma da na cancanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Sai dai ta kira 'yarta, wadda na gani a goye, ta ce mata ta ji da kunnenta, ubanta bai gudu ya bar su ba. Yarinyar ta tambaye ni kamanninsa, na kasa haɗa ido da ita.

An sake buɗe binciken, har yau ba a kama kowa ba, wataƙila da na yi magana a kan lokaci da an kama. Na gane cewa shirun da na ɗauka kare kai ne, zalunci ne ga wasu. Duk wanda aka tambaye shi abin da ya sani game da ran wani, don Allah ya faɗa. Ni wuni ɗaya a kwamisariya na ji wa tsoro, yarinya ta girma tana ƙin ubanta a banza.